Rigar da Baba Ya Fara

A Yamai na fara kwana da rigar Baba a ƙarƙashin kaina. Ba rashin matashi ya sa ba, ɗakin da aka sauke ni ne ban yarda da shi ba. Maɗinka ne cike a ciki, wasu daga Maraɗi, wasu daga Gaya, kowa da jakarshi ɗaure a ƙafa, kuma ba wanda ya tambaye ni ko ɗan gidan wane ne ni.

Babbar riga ce ta farar shadda, rabinta da aiki, rabinta zanen alƙalami kawai. Mahaifina, Malam Iro mai ɗinkin hannu na Ƙofar Kwaya, shi ya zana ta, shi ya ɗinke askake, wato zanen aska na gaban riga, da aljihu, sannan hawan jinin ido ya tsayar da shi. Abin da ya rage shi ne tambarin gaba, da cin wuya, da tambarin baya. Da ya miƙo mani ita cewa ya yi, "Mannir, likita ya ce hasken nan tafiya yake yi, kuma ba ya dawowa. Ka ƙarasa mani ita da hannunka, in gan ta tun ina gani." Na ce mashi kafin babbar Salla za ta iso gida. Har zuciyata haka na ɗauka.

Baba yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Da hantsi yake fara ɗinki, da an kira la'asar kau sai ya soke allura a jikin hularshi, ko da saura ɗan yatsa ɗaya a gama aikin. In an idar da salla ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, abokai su taru, a yi ta hira har magariba. Mai riga ya zo yana tsalle yana cewa gobe ne biki, Baba ya ce mashi, "Allah ya kai mu goben, zauna tukuna." Ni mutum ne mai gaggawa tun ina yaro. A ganina tabarmar nan ce ta hana gidanmu ci gaba, shi ya sa da na samu hanyar fita ban tsaya dogon tunani ba.

Wanda ya ba ni hanyar wani Alhaji Mudi ne, mai shagon ɗinki a Yamai, da muka haɗu da shi a kasuwar Katsina. Ya ce manyan mutanen can ɗinkin hannu suke nema, ba su da mai yi. Da na je, ko allurar hannu ban gani a shagon ba. Kekunan aiki ne a jere, ƙararsu kamar injin niƙa, aka nuna mani ɗaya aka ce in koya. Na koya. Mai iyali ba ya zaɓen abin da hannunshi zai kama.

Wata rana Alhaji Mudi ya aike ni karɓo zare, ina dawowa na hango rigar Baba a kafaɗar wani mutum, Alhaji yana daidaita mashi wuya yana cewa aikin shagonshi ne, sati mai zuwa yaranshi za su ƙarasa ta da keke. A jakata ya ciro ta.

Na ce, "Alhaji, wannan ba ta sayarwa ba ce."

Ya ce, "Haba Mannir, riga dai riga ce. In yi maka wasu guda biyu a madadinta."

Na ce, "Ta mahaifina ce, kuma yana jira."

Ban ɗaga murya ba, na karɓe ta na naɗe. Na fita daga shagon da jakata, ban koma ko sallama ba. A tasha na wuni. Wata Bazabarma mai dambun zogale ta lura tun safe ban sa komai a baki ba, ta zubo mani a leda, na ce mata ban saya ba, ta ce ita ma ba ta sayar ba. Har yau in na ga dambu sai na yi mata addu'a, ga shi ko sunanta ban sani ba.

Daga nan na wuce Wagadugu, amma ban daɗe ba. Na samu wani shago ina sa zip da maɓalli, ina kwana a baranda. Abin da ya fi damuna a garin ba yunwa ba ce, gaisuwa ce. Ba na jin Faransanci, ba na jin yarensu, sai in ce wa mutum sannu da hannu, ya ɗaga mani nashi, shi ke nan an gama. Ni da na saba a tambaye ni kwana, da gajiya, da iyali, da jikin Baba, da sanyi, da kasuwa, kafin a zo ga abin da ya kawo mutum. Na yi kewar gida ƙwarai a Wagadugu. Rigar kau ban ko buɗe ta ba, don ba inda zan shimfiɗa farar shadda ba ta yi dauɗa ba.

Wani direba ne ya ce mani in aikin shadda nake nema in wuce Bamako. Bai yi ƙarya ba. Ban taɓa ganin garin da ake girmama shadda kamar wannan ba. Rinanniya, bugaggiya, tana ƙyalli a kan kowace igiya. Na samu aiki wurin wani Sidibe, mai babban shago kusa da kasuwa. Ba zan ɗora mashi laifin da ba nashi ba: mutumin kirki ne, kuma ba ya cin guminka. Abu ɗaya ne, gwargwadon abin da ka ɗinka, gwargwadon abin da ka samu, kuma babbar Salla tana matsowa, kaya sun taru har rufi. Da ya ga hannuna ya faɗa a keke, sai ya riƙa tambayata ko zan ƙara. Ban taɓa ce mashi a'a ba. Sau da yawa ma ni nake zuwa in ce a ƙaro.

Daga asuba nake hawa keke. A kanshi nake cin abinci, hannu ɗaya a kwano, ido a kan allura. Salla in yi ta tsaye-tsaye in dawo, ko addu'a ba na zama yi. Barci kau sai abin da ya sace ni. A raina ina jin daɗi, ina cewa yau ga ni inda ake aiki, ba inda ake shimfiɗa tabarma ba.

Matata Rabi tana turo mani saƙon murya kusan kullum. Sai in manna waya a kunne da kafaɗa, keke yana gudu, in ji rabi in bar rabi. In ce mata, "To, to, Allah ya kyauta," alhali ban san ko labarin daɗi ta ba ni ba. Ɗiyata Nana ta fara zuwa makaranta a lokacin, ta turo mani karatun da aka koya mata, na ce zan saurara anjima. Anjimar ba ta zo ba. A ƙarshen kowane saƙo Rabi takan ce, "Baba yana gaishe ka, ya ce ina aka kai?" Ni kuma in ce, "A ce mashi an kusa." Ko zare ban zura ba.

Ranar da ta ce mani Baba ya daina gane fuskar mutum sai an matso kusa, na ciro rigar. Na ce ba zan rage aikin Sidibe ba, kuma ba zan bar ta Baba ba, duka biyun zan yi. Duk ɗan lokacin da ya kamata in ci abinci ko in runtsa, sai na mayar da shi na tambarin gaba. Ina ɗinki ina gyangyaɗi, ina ɗinki ana kirana, ina ɗinki raina a ɓace ban san da wa nake fushi ba. Na gama tambarin kuwa. Na ɗaga shi na duba, na ce ai ya yi.

Salla ta wuce da 'yan kwanaki hannuna ya tsaya. Da farko yatsu uku ne suke mutuwa, in yarfe su su dawo. Daga baya suka daina dawowa. In ɗauki allura ta faɗi ban ji ta faɗi ba. Kofin ruwa ya suɓuce mani a gaban mutane. A cikin wannan halin ne Rabi ta kira tana tambayar ko na ci abinci, na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba tun da muka yi aure. Sai ta ce, "Baban Nana, wannan ba muryarka ba ce." Ta kashe wayar.

Likitan wani ƙaramin asibiti ya ɗaure mani wuyan hannu, aka fassara mani maganarshi: jijiya ce ta matse, in huta da hannun, in na ƙi kuma zai iya tafiya gaba ɗaya. Sidibe ya jajanta mani da gaske, ya ce in na warke in dawo, sannan ya ba wani keken nawa, don kaya ba su san ciwo ba. Rabi ta ce in taho gida haka nan. Na ƙi. Kunya ce ta riƙe ni: in shiga Ƙofar Kwaya da mataccen hannu da rabin riga, in ce wa Baba me?

Bayan gidan da nake haya akwai mabuga, masu buga shadda da manyan sanduna har ta yi ƙyalli. Tunda ba ni da abin yi, sai in je in zauna a gindin katangarsu da rigar a cinya, ina kallonta tana kallona. Babbansu wani tsoho ne, Bakari, wanda ya yi fataucin goro a Maraɗi yana saurayi, Hausarshi tana nan ba ta gudu duka ba. Shi ya fara yi mani magana.

Ya ce, "Bahaushe, daga ina?"

Na ce, "Katsina."

Ya ce, "To ina kwana, ina gajiya, ina mutan gida, yaya baƙunta, yaya jikin tsofaffi?"

Wallahi sai da idona ya cika. Rabona da a gaishe ni haka tun barina gida.

Su ma da la'asar suke ajiye sanduna. Su yi salla, su zauna a inuwa, Tsoho Bakari ya hura gawayi ya ɗora butar shayi, irin na ƙananan kofunan nan mai zagaye uku. Shayin nan ba ya jin gaggawa. A dafa, a juye, a mayar, a sake juyewa har kumfa ta tashi, kafin kofi na farko ya iso hannunka ka manta da ka ce kana so. A kwanakin farko zaman ƙaiƙayi yake yi mani. Na ce a raina, na baro tabarmar Baba na ƙetare ƙasashe, ga ni a kan wata.

Da hannun ya fara motsi, na zura zare a gabansu zan hau cin wuya. Tsoho ya miƙo hannu ya karɓe allurar, ya soke ta a tabarma. Na ba shi labarin Baba da idonshi, na ce ba ni da lokaci.

Ya ce, "Na ji. In ka kashe hannun, wa zai gama ta?"

Na kalli ɗaurarren hannuna.

Ya ce, "Ga yadda za mu yi. In na ba ka kofi na farko ka ɗauki allura. In na uku ya zo ka ajiye. Ko zaren yana tsakiyar rami, ka ajiye."

Haka muka yi. Ba don na yarda ba, sai don allurar tana hannunshi, kuma shi tsoho ne. Da safe na samu wani ƙaramin shago ina yanka da guga, aikin da bai matsa wa yatsu ba, ina tashi da azahar. Da la'asar in zo wurin shayi. Tsakanin kofi na farko da na uku in yi ɗinki, suna hira da Bambaranci, tsoho yana fassara mani wuraren dariya. Suka sa mani suna Katsina. In na cika jan zare da ƙarfi ya ce, "Katsina, rigar ta zage ka ne?" In kofi na uku ya zo ina cewa saura kaɗan, ya ce, "Kullum saura kaɗan ne."

A wurin ne na zauna na saurari saƙonnin Rabi tun daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Ashe a ciki ta gaya mani rasuwar gwaggonta, na ce mata "to, to." Ashe Nana ta yi zazzaɓi ta warke ban sani ba. Na kira ta na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, amma daga yau in ba zan saurara ba kada in ɗauka. Na ce na ji. Barci ya dawo mani, abinci ya fara yi mani ɗanɗano, yatsuna suka farka ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai hankalina bai kwanta duka ba. Kowace yamma da nake ajiye allura, na san can gida hasken Baba yana raguwa. Rabi ta ce yanzu inuwar mutum kawai yake gani a bakin ƙofa. Na gaya wa tsoho, na ce ya bar ni in ƙara ko kofi ɗaya. Ya juye shayi, sannan ya ce shi ba zai iya ce mani Baba zai jira ba, abin da ya sani kawai hannun bai kai ba tukuna. Na ji haushinshi ranar, amma na ajiye.

Cin wuya ya ƙare, tambarin baya ya ƙare. Tsoho Bakari da kanshi ya buga mani rigar, bai bar wa yaranshi ba, kuma ya ƙi karɓar komai. Ya ce in gaida mai rigar, in ce mashi wani tsoho a Bamako ya ga askakenshi ya jinjina.

Bayan la'asar motarmu ta shigo Katsina. Da na karyo kwanar gidanmu na hango tabarmar a inda na bar ta, Baba a zaune da abokanshi biyu. Na durƙusa na yi sallama. Ya amsa, ya tambaye ni hanya, da gajiya, da mutanen da na baro, bai tsallake ko ɗaya ba. Amma duk tsawon gaisuwar fuskarshi tana kallon gefen kafaɗata ne, ba ni ba. Ban buƙaci kowa ya gaya mani ba.

Abokan suka ba mu wuri. Na ciro rigar na ɗora mashi a cinya. Ya warware ta a hankali, ya fara bin ta da yatsu. Ya shafa askake ya ce, "Wannan nawa ne." Ya gangaro kan tambarin gaba, sai yatsun suka tsaya. Ya koma farko ya sake bi.

Ya ce, "Nan ba ka barci."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Ka ja zaren har shaddar ta tattare. Nan ka tsallake, nan ka dawo ka cike. Wa ya ɓata maka rai haka?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya hau cin wuya, ya bi shi a nutse. "Nan ciwo ka yi, hannun yana tsoro. To, nan ya fara sakewa." Ya juya rigar ya shimfiɗa tafinshi a kan tambarin baya, ya daɗe a wurin, har na ga bakinshi ya motsa da murmushi. Ya ce, "Nan kau cikin mutane kake zaune. Wa ke ba ka dariya?"

Na ce, "Wani tsoho ne mai shayi. Ya ce in gaishe ka."

Ya ce, "Ina amsawa. Allah ya yi mashi albarka."

Abin da ke cikina ya ƙi zama, na ce, "Baba, ban kawo ta da wuri ba. Ba ka gan ta ba."

Ya ce, "Ban gan ta ba. Na so in gani." Bai ƙara komai a kai ba, bai kuma rage ba, kuma wannan ya fi mani zafi da a ce faɗa ya yi.

Na ce mashi gobe zan warware tambarin gaban in sake shi yadda ya kamata. Ya ɗora hannu a kai kamar wani zai ƙwace.

Ya ce, "A'a, bar shi. Ni ba ganinshi zan yi ba. Kai ne za ka riƙa gani."

Yanzu ina da ɗan shagona a Kambarawa, keke biyu da aikin hannu. Duk Juma'a nakan je Ƙofar Kwaya in kama hannun Baba mu tafi masallaci, shi cikin farar rigarshi. Mutane suna tsayar da mu suna yaba bayanta. Ni kuma da nake gefenshi, in na juyo zan ce mashi ga rami ko ga babur, tambarin gaban ne yake fara tare mani ido, a tattare, daidai ƙirjinshi.

Jiya wani ya zo shago da la'asar, ya ce gobe ne ɗaurin auren ƙanenshi, saura hannu ɗaya a gama rigar. Na duba, gaskiya saura kaɗan ne. Na soke allurar a hulata, na jawo mashi kujera.